Makarantar Garinmu: Aikin Wa, Nauyin Wa?

Wannan jawabi ne da wani ɗan ƙungiya, tsohon mushen lakwal, ya yi a taronmu na bayan Sallah. Mun buga shi domin ƴan'uwa da ke ci-rani waɗanda ba su samu zuwa ba.

Maigari, ranka ya daɗe. Liman, Allah gafarta malam. Dattawa iyayenmu, da iyayenmu mata da ke can gefen rumfa, da ƴan'uwa da suka taso daga Yamai, da Maraɗi, da Kano, da Legas, da Abijan, ina gaishe ku da gajiyar hanya.

Shugaban ƙungiya ya ce in yi magana bisa makarantarmu. Dalili kuwa kun san shi. Kowace shekara ƴan ci-rani suna aiko da kuɗi don lakwal, kowace shekara kuma in sun zo gida sai su tarad da ita yadda suka bar ta. In an tambaya, wannan ya ce laifin mushe ne, wancan ya ce na darakta ne, wani ya ce gwamnati ce ta manta da mu. Ni dai na ci alli shekaru da yawa, kuma abin da na gani shi ne yawancinmu ba mu san wa ke da wane aiki ba. Wanda bai san ƙofar gida ba kuwa, sai ya yi ta sallama a bayan danga. Don haka bari in jera muku masu riƙon makaranta, daga sama har ƙasa.

Na farko gwamnati ce. Ma'aikatar ilimi da ke Yamai ita ke tsara abin da za a koyar a cikin shekaru shida na firamare, wato CI, CP, CE1, CE2, CM1 da CM2. Ita ke ɗaukar malamai, ita ke biyan su. Babbar dokar ilimi ta ƙasa an yi ta a 1998. A ƙarƙashin ma'aikata akwai ofishin ilimi na jiha, a ƙarƙashinsa kuma ansifekta, wanda ke da makarantu da yawa a hannunsa. Shi ke raba malamai cikin makarantun yankinsa, shi ke duba aikinsu. Yana da mataimaka masu ba malamai shawara, waɗanda kuke gani suna zuwa bisa babur su zauna bayan aji suna saurare. Daga nan sai darakta, wanda muke kwana gari ɗaya da shi. To, ku riƙe wannan: mu ba mu ɗaukar mushe, ba mu korar shi, ba mu canza karatu. Amma in aji ya yi sati biyu babu malami, muna da ikon rubuta takarda mu kai ma ansifekta, da kwanan wata da sa hannu. Ƙorafin gindin bedi ba ya isa ofis.

Na biyu kwamin ce. A 2004 aka yi zaɓen majalisun kwamin, a 2016 kuma gwamnati ta miƙa masu gini da gyaran makarantun firamare. A 2024 an rushe majalisun, aka naɗa wakilan gwamnati a madadin magadan gari, amma ofishin yana nan. Saboda haka zancen aji na siminti, da tebura, da makewayi, can ne ƙofarsa ta farko. Kwamin ba ta da kuɗi da yawa, garuruwa kuma suna da yawa. Garin da ya zo da takarda tsararra, ya ce ga yashi da tsakuwa da hannuwa mun tanada, shi ake fara dubawa.

Na uku mu ne, kuma nan ne maganata ta tsaya. Tun 2005 aka ce kowace makarantar firamare ta Nijar ta kasance da kwamitin kula da ita, wanda muke ce ma kojes. An gwada tsarin a jihar Tawa tun 2004 da taimakon Japan kafin ya game ƙasa. Daga baya takardun hukuma sun koma kiran shi CGDES, amma aikin bai sake ba. A cikinsa akwai wakilan ƙungiyar iyayen yara, da wakiliyar ƙungiyar iyaye mata, da wakilin malamai, da darakta. Shugaba daga cikin iyaye yake fitowa, darakta kuwa shi ke riƙe rubutu. Kwamitocin kwamin guda kuma suna da tarayyarsu, inda suke haɗuwa su duba aikin juna.

Ƙafafu uku ne tsarin nan ke tsaye bisa kansu, kamar murhu. Ɗaya, a zaɓi ƴan kwamiti da ƙuri'ar asiri. Biyu, gari duka ya taru a farkon shekara ya ce ga abin da ya fi damun makaranta, ga abin da za mu iya yi da ƙarfinmu, a rubuta. Uku, a sake taruwa a tsakiya da ƙarshen shekara a karanta abin da ya shigo da abin da ya fita, a gaban kowa. In dutse ɗaya ya kauce, tukunya ta kife.

Yanzu mu faɗa ma juna gaskiya, ku gafarce ni. Yaushe rabonmu da zaɓe? Ana taruwa, wani ya ce wane ya cancanta, kowa ya sunkuyar da kai don kunya, shi ke nan an gama. Ban ce dattawan da ke riƙe da kwamiti ba mutanen kirki ba ne. Amma ƙuri'ar asiri an yi ta ne don talaka ya zaɓa ba tare da ya ɓata da surukinsa ba, kuma don wanda aka zaɓa ya san gari ne ya ɗora mashi kaya. Yaushe rabon da a karanta lissafi? Ɗan'uwa ya aiko da jikka goma ta hannun direba, direba ya ba wane, wane ya ce an sayi alli. Wataƙila an saya ɗin. Amma tun da ba a rubuta ba, zato ya shiga, baɗi kuma mai aikowa ya riƙe hannunsa. Lissafi ba zargi ba ne, garkuwar mai amana ce.

Ku dubi rumfunan kara. Lakwal tana buɗewa a watan Oktoba, amma kara ba ya samuwa sai an gama girbin hatsi, don haka ajin rumfa ba ya farawa sai an yi makonni. Ruwan farko na faɗuwa, rumfa ta jiƙe, iyaye kuma su janye yara zuwa shuka. An ci shekara ta kai, an ci ta ta gindi. Yaron da aka yi ma haka shekara shida, don me za mu yi mamaki in ya isa CM2 bai iya karanta wasiƙar ubansa ba? Ga kuma wuta. A watan Afrilu na 2021 gobara ta cinye azuzuwan kara a Yamai, yara wajen ashirin suka rasu. A watan Nuwamba na wannan shekara aka sake yin haka a Maraɗi, yara fiye da ashirin suka tafi. Allah ya jiƙan su. Ɗiyanmu ƙanana su ma cikin irin wannan rumfa suke zaune, kuma iskar hunturu ba ta san ɗan wane ba.

Ku dubi malamai. Tun ƙarshen shekarun 1990 aka shiga ɗaukar ƴan kwantaragi, waɗanda albashinsu bai kai na ma'aikacin dindindin ba. Yarinya ko saurayi a turo shi garin da bai san kowa ba, babu ɗaki, ruwa sai an saya. In wata ya mutu ya tafi birni karɓar kuɗi, ya yi kwanaki. Wanda ya yi fashi da gangan, kwamiti ya rubuta ranakun ya kai gaba. Amma ni da aka taɓa sauke ni a zauren da babu ƙyaure, na san mushen da gari ya ba masauki da mutunci ba ya saurin neman a canza mashi wuri.

Ku dubi ɗiyanmu mata. Ku shiga CI ku ƙidaya su, sa'an nan ku shiga CM2 ku sake ƙidaya. Talla da aiki da aure ne suka kwashe sauran. A watan Disamba na 2017 gwamnati ta fitar da doka ta kare karatun ɗiya mace har shekara 16. Amma doka ba ta leƙa tsakar gida; iyaye mata ne ke sanin wadda ta bar zuwa tun ranar farko. Shi ya sa kujerarsu a kwamiti ba ta ado ba ce. Mu da muke kukan babu ungozoma ƴar gari a likita, daga wane aji za ta fito?

Wasu dattawa suna cewa su ba su jin Faransanci, ina ruwansu da lakwal. Iyayena, duba ko malami ya zo ba ya bukatar Faransanci, ƙidayar buhun siminti ma haka. Tun 1973 aka fara gwada koyarwa da Hausa a Damagaram, a 2025 kuma aka sanya Hausa harshen ƙasa. Taronmu da lissafinmu a yi su da Hausa, a rubuta da Hausa.

Ga abin da nake roƙon taron nan ya yanke. Na ɗaya, kafin a buɗe lakwal a yi sabon zaɓe da ƙuri'ar asiri, maza da mata, a gayyaci wakilin ansifekta ya shaida. Na biyu, kuɗin ƴan ci-rani ya bar bin hannuwa. Ya tafi ga ma'ajin kwamiti kaɗai, a rubuta a littafi, kada a fitar da ko dala sai da sa hannun mutum biyu. Na uku, a karanta lissafi sau uku a shekara, a buga shi cikin wannan takarda tamu don na nesa su gani. Na huɗu, bana mu yi gayya mu buga tubali mu ta da aji guda da rufin kwano domin ƴan CI, mu kai ma kwamin takardar neman saura. Kafin nan, kowace rumfa a yi mata ƙofa biyu, a nisanta ta da ƴar'uwarta, masu tuya kuma su ja da wutarsu nesa. Na biyar, a gyara ɗaki biyu na saukar malamai.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Gwamnati tana da nata, kwamin tana da nata, namu kuwa babu wanda zai taso daga Yamai ya yi mana shi. In na faɗi abin da ya ɓata ma wani rai, ya yafe mani. Allah ya raya mana ɗiyanmu, ya ba mu damina mai albarka, ya maida matafiya gida lafiya.