TANTI BA GIDA BA NE: JAWABI GAME DA TAIMAKON WAƊANDA MASIFA TA RABA DA MUHALLINSU

Wannan shi ne jawabin da wani jami'in Hukumar Yaƙi da Jahilci ya gabatar wa ɗaliban azuzuwan manya da shugabannin gari kafin faɗuwar damina. Mun buga shi domin malamai su karanta wa ɗalibansu a aji.



Ranka ya daɗe Hakimi, dagatai da masu unguwanni, malamanmu, iyayenmu mata, da 'yan'uwana ɗalibai. Ina yi muku barka da zuwa, Allah ya saka wa kowa da alheri.

Maganar da zan yi yau ba mai daɗin ji ba ce, amma wajibi ne a yi ta. Magana ce a kan mutumin da ya kwana a ɗakinsa, gari ya waye ba shi da ɗaki, ko saboda ruwa, ko gobara, ko tashin hankali. Ina zai sa kansa? Wane taimako ne hakkinsa? Ta yaya zai sake zama mai gida? Hausawa sun ce idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

ABIN DA YA FARU A ƘASARMU

Dattawa ba su manta da fashewar madatsar ruwa ta Bagauda a Jihar Kano a 1988 ba. A 2012 ambaliya ta kashe mutum 363 a Nijeriya, ta raba sama da mutum miliyan 2 da gidajensu. A 2022 ta sake dawowa, ta kashe sama da mutum 600, kuma Jihar Jigawa na cikin waɗanda suka fi shan wuya. A watan Satumba na 2024 madatsar Alau ta ɓalle cikin dare, ruwan Kogin Ngadda ya mamaye Maiduguri, ya shiga Gwange da Fori da fadar Shehu da babbar kasuwa da asibitin koyarwa, wajen mutum 400,000 suka bar gidajensu. Shekara 30 kafin nan, a 1994, wannan madatsa ta taɓa yi wa garin irin wannan ɓarna. A watan Mayu na 2025 kuma ruwa ya ci garin Mokwa a Jihar Neja, sama da mutum 150 suka rasu.

Ta fuskar rikici kuwa, yaƙin Boko Haram da ya fara a 2009 ya kori sama da mutum miliyan 2 daga garuruwansu a Arewa maso Gabas. Wasu sun tsallaka zuwa sansanin Minawao a Kamaru, wasu Diffa a Nijar, wasu bakin Tabkin Cadi. Tun 2019 kuma 'yan bindiga suka tilasta wa dubban mutanen Sakkwato da Zamfara da Katsina tsallakawa yankin Maraɗi.

Waɗannan mutane manoma ne da makiyaya da masunta da 'yan kasuwa kamar mu. Babu wanda ya shirya barin gidansa a cikinsu.

MATAKI NA FARKO: INDA ZA A KWANA

Akwai abin da mutane da yawa ba su sani ba. Mafi yawan waɗanda rikicin Arewa maso Gabas ya kora ba a sansani suka sauka ba. A gidajen 'yan'uwa da abokan arziki da bayin Allah suka sauka. Wani ya ba da zaure, wani ya ba da kango, wani ya ba da gefen gona a kafa bukka. Kafin motar gwamnati ta iso, maƙwabci ya riga ya shimfiɗa tabarma. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu, domin mun san yadda mutanen Madina suka karɓi waɗanda suka yi hijira daga Makka, aka haɗa kowa da ɗan'uwansa.

Saboda haka, ranka ya daɗe, idan baƙi suka sauka a garinmu, a rubuta har da gidajen da suka sauke su. Mai gidan da ya ciyar da mutum 15 daga rumbun da ya tanada wa mutum 7, shi ma mai neman taimako ne. Idan aka manta da shi, kafin kaka rumbunsa ya ƙare, zaman lafiya tsakaninsa da baƙinsa ya lalace.

Wanda bai sami masauki ba, yawanci makarantar firamare ake kai shi, daga nan sai tanti ko rumfar tamfol. Kayan matsuguni na gaggawa da Ƙungiyar Red Cross ke rabawa a ƙasashe da dama sun ƙunshi tamfol 2, da igiya, da ƙusa, da waya, da guduma, da zarto, da shebur, da fartanya. Akan haɗa da tabarma, bargo, gidan sauro, bokiti, tukunya da sabulu.

MA'AUNIN DA YA KAMATA KU SANI

Jama'a, agaji ba a yin sa da ka. Tun 1997 manyan ƙungiyoyin agaji na duniya suka fara tsara wani ma'auni da ake kira Sphere, wanda ya faɗi mafi ƙarancin abin da ya dace ɗan Adam ya samu. Ku rubuta waɗannan a littattafanku:

1. Wurin kwana mai rufi: murabba'in mita 3 da rabi ga kowane mutum. Ke nan iyali mai mutum 6 suna bukatar wuri kamar mita 3 a faɗi, mita 7 a tsawo.

2. Ruwa: lita 15 ga kowane mutum a rana, na sha da girki da wanka. Iyali mai mutum 6 suna bukatar lita 90, wato jarka 4 da rabi mai lita 20.

3. Masai: kada mutanen da ke amfani da guda ɗaya su wuce 20. A ware na mata daban, da ƙofa mai sakata.

4. A nisanta masai daga rijiya da aƙalla mita 30. Bayan ambaliya ba abin da ke saurin kisa kamar amai da gudawa.

5. A bar aƙalla mita 2 tsakanin bukka da bukka. Sansanoni da yawa a Borno sun sha gobara a lokacin hunturu, domin zana da tamfol ba su da haƙuri da wuta, kuma murhu yana kusa.

Sau da yawa ba a cimma wannan ma'auni, musamman a makon farko. Amma wanda ya san ma'auni ya san abin da zai nema, kuma zai nema cikin ladabi da hujja.

AGAJI YANA BIN RUBUTU

A nan ne maganar ta shafi ajinmu kai tsaye. Hukumar ba da agajin gaggawa ta ƙasa, wato NEMA, wadda aka kafa a 1999, da takwarorinta na jihohi da ake kira SEMA, da ƙungiyoyin Majalisar Ɗinkin Duniya, dukkansu da takarda suke aiki. Kafin a ɗora buhu ɗaya a mota sai an tambaya: gida nawa ne, mutum nawa ne, su wane ne? A wasu wurare har hoton yatsa ake ɗauka a ba mutum kati. Wanda sunansa bai shiga takarda ba, ko ya fi kowa asara, zai tsaya yana kallo a raba a tashi.

Su wa aka fi mantawa? Gwauruwa mai marayu da ba ta da namijin da zai shiga layi. Tsoho da ba ya iya turereniya. Makaho da gurgu. Amarya ta biyu da ta uku, idan an rubuta mai gida da uwargida kaɗai. Makiyayin da rugarsa ke bayan gari.

Don haka ina roƙon kowace unguwa ta buɗe littafi tun yanzu da ake zaune lafiya. A rubuta sunan mai gida, matansa, yawan 'ya'ya, masu ciki, tsofaffi da naƙasassu, yawan ɗakuna, da gonaki. Mai unguwa ya riƙe kwafi ɗaya, liman ya riƙe ɗaya, malamin aji ya riƙe ɗaya. Ɗaliban da suka iya rubutu su ne za su yi wannan aiki, kuma a sa mata su rubuta na mata, domin su ne ke shiga cikin gida.

Ranar rabo kuma, ɗan'uwa, kada ka dangwala yatsa a kan abin da ba ka karanta ba. Idan takarda ta ce bargo 3 aka ba ka 2, ka faɗa kafin ka sa hannu. Idan ba ka iya karatu sosai ba tukuna, ka tafi da ɗan ajinku. Wannan shi ne amfanin "a, ba, ca, da" da muke yi da yamma.

Ku kuma sani kayan agaji kyauta ne. Ba a biyan ko kwabo don a rubuta suna. Iyayenmu mata, ku ji wannan da kyau, ku faɗa wa 'ya'yanku: duk wanda ya nemi kuɗi ko ya nemi mutuncin mace kafin ya ba da kati, ya aikata laifi, ko wane ne shi. A kai ƙararsa wurin shugabannin gari da shugabannin hukumar da ta aiko shi. Mu ma a namu ɓangaren mu ji tsoron Allah. Wanda ya rubuta sunansa sau biyu ya ci rabon maraya.

HAKKI NE, BA ROƘO BA NE

A 2009 ƙasashen Afirka suka amince da Yarjejeniyar Kampala a ƙasar Yuganda, ta fara aiki a 2012, kuma Nijeriya na cikin waɗanda suka amince da ita. Ta ɗora wa gwamnati nauyin kare wanda ya yi gudun hijira a cikin ƙasarsa da taimaka masa. Maƙwabciyarmu Nijar ta mayar da ita dokar ƙasa a 2018, ta riga sauran ƙasashen Afirka. Bisa wannan yarjejeniya, mutum yana da zaɓi uku: ya koma garinsu, ko ya zauna inda ya sauka, ko ya koma wani wuri dabam. Ba a tilasta masa komawa inda ransa ke cikin haɗari.

MATAKI NA BIYU: SAKE ZAMA MAI GIDA

Tamfol ba ya daɗewa a ranarmu, kafin a je ko'ina ya yage. Sansani ma ba ya dawwama. Gwamnatin Borno ta rufe sansanin Bakassi da ke Maiduguri a ƙarshen 2021, sai da ruwan 2024 ya zo aka sake buɗe shi na ɗan lokaci. Kuɗin agaji na ƙasashen waje kuma ya ragu ƙwarai a 2025, shekarar da Amurka ta rufe hukumarta ta USAID. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Duk wanda ya shiga tanti, tun daga ranar farko ya fara tunanin fita.

Akwai misali mai kyau. A 2022 aka buɗe sabon garin Ngarannam a Ƙaramar Hukumar Mafa, wanda gwamnatin Borno da hukumar UNDP suka sake ginawa bayan rikici ya rusa shi. Kafin a zana gidajen sai da aka zauna da mutanen garin aka ji yadda suke son zamansu. Shi ya sa aka yi wa gidajen zaure, aka kuma gina makaranta da kasuwa da asibiti. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Idan an zo sake gina muku gari, ku buɗe baki ku yi magana.

Amma ba kowane gari ne zai sami irin wannan gata ba. Yawancinmu da hannunmu za mu sake gini. To, ga shawarwari:

Na ɗaya, kada a mayar da gini a kan hanyar ruwa ko cikin fadama. Ruwa ba ya manta hanyarsa. Idan wurin kwari ne, a roƙi Hakimi da ƙaramar hukuma fili a tudu, a kuma karɓi takardar shaidar filin.

Na biyu, ginin ƙasa daga gindi yake faɗuwa, idan ruwa ya kwanta ya jiƙa shi. Ko tsohon masallacin ƙasa na Damagaram, wanda ya haura shekara 100 a tsaye, ruwan 2024 ya kayar da shi. A ɗaga daɓen ɗaki ya fi tsakar gida tsawo. A yi harsashi da layukan farko da dutse ko bulon siminti, sannan a ɗora tubali. A riƙa sabunta yaɓe kafin damina, a gyara indararo ya zubar da ruwa nesa da bango.

Na uku, a ɗora rumbu a kan duwatsu masu tsawo, a ware iri a ajiye shi a sama. Manomin da ya tsira da irinsa ya tsira da baɗi.

Na huɗu, a yashe magudanun ruwa, a daina zuba shara da leda a cikinsu.

Na biyar, a dawo da gayya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A fara da ɗakin gwauraye da tsofaffi, sannan na masu ƙarfi. Idan an ba da kuɗin tallafi, a sa shi a azara da kwano da iri, ba a biki ba.

ABIN DA ZA A YI KAFIN RUWA YA SAUKA

Kowace shekara hukumar hasashen yanayi ta NiMet da hukumar kula da koguna ta NIHSA suna sanar da wuraren da ake tsoron ambaliya. A saurari rediyo. Idan an ce a tashi, a tashi, kada a ce sai an ga ruwa a ƙofa.

Kowane gida ya tara takardunsa: katin ɗan ƙasa, takardar gona da ta fili, takardar haihuwa, katin asibiti, da shaidar makarantar yara. A naɗe su a leda biyu, a ajiye inda hannu zai kai cikin duhu. Rigimar gona bayan an dawo daga gudun hijira ta raba 'yan'uwa da yawa, kuma takarda da shaidu ne ke kashe ta. Gari kuma ya tsayar da tudun da za a taru, a san wanda zai ɗauki kowane tsoho, a koya wa yara faɗin sunan mahaifinsu da na garinsu.

Ranka ya daɗe, roƙona shi ne kafin taronmu na wata mai zuwa kowane mai unguwa ya zo da littafin unguwarsa a rubuce, malaman aji kuma su taimaka. Rigakafi ya fi magani.

Allah ya kiyaye mu daga masifar ruwa da ta wuta da ta tashin hankali. Waɗanda ke gudun hijira, Allah ya mayar da su gidajensu lafiya. Waɗanda suka rasu, Allah ya jiƙansu. Allah ya ba mu damina mai albarka.