Wutar Sola A Gidan Haya: Jawabin Kwamitin Jin Daɗin Jama'a A Taron Ƙungiya

Ranka ya daɗe Sarkin Hausawa, malamanmu Allah ya gafarta muku, shugaban ƙungiya, iyayenmu da sauran 'yan'uwa mazauna Sabon Ibadan.

An ɗora wa kwamitinmu ya binciko maganar wutar sola, ko tana mayar da kuɗinta ko kuwa adon masu hali ce kawai. To, mun zauna da masu haɗa ta, mun kuma shiga gidajen waɗanda suka riga mu sawa. Abin da muka gano shi ne tana mayarwa, amma sai mutum ya san girman da zai saya da kuma rufin da zai ɗora ta a kai.

Kowa ya san abin da ya jawo zancen. Ranar 29 ga Mayun 2023 aka cire tallafin mai, litar fetur da muke saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, a 2024 kuma har ta wuce 1,000. Ƙaramin janareta in yana shan lita 2 a dare, a wata ya sha 60, a shekara 720. Kowa ya ninka da farashin da ya gani a gidan mai yau, ya ƙara baƙin mai da kuɗin mai gyara. Ba mu ma sa hayaƙinsa a lissafi ba, alhali ya sha kashe iyali sukutum cikin barci.

Sai dai jama'a, tsadar sola tana wajen batir. Farantin kan kai shekara 20 yana aiki. Batir mai ruwa kuwa, in ana tsotse shi ƙarƙaf kowane dare, da wuya ya wuce shekara 2 ko 3. Na litiyam ya fi ƙarko nesa ba kusa ba, amma kuɗinsa ma ya fi nauyi. Ƙwan lantarki, fanka, talabijin da cajin waya ba sa wahalar da batir. Dutsen guga guda kuwa ya fi fanka goma jan wuta, hita ma kada a yi zancenta.

A kuma tuna nan ba Sakkwato ba ce. Daminarmu tun daga Afrilu take har Oktoba, a Yuli da Agusta sai a yini rana na ɓoye cikin hadari. Don haka farantin da ya wadaci ɗan'uwanka a Katsina ba lalle ya wadace ka a nan ba.

Yanzu ga inda muka fi daɗewa. Da yawa daga cikinmu haya muke, rufin da ke kanmu na wani ne. Za ka huda kwanon mutum, kwanon da tsatsa ta riga ta ci, ka ɗora masa faranti mai nauyin sama da kilo 20. Ranar da ya fara yoyo wa zai gyara? Ranar da aka ba ka notis, ko ka yi niyyar komawa gida, kayan na wane ne? Wani mai gidan cewa zai yi abin da aka kafa da ƙusa ya zama na gida. Wani kuma da ya ga faranti a sama sai ya ƙara kuɗin haya, wai ka samu. Saboda haka muna roƙo, kafin a hau rufi a rubuta yarjejeniya da mai gida a gaban shaidu biyu, a faɗi cewa kayan naka ne kuma da su za ka tashi. Mai ɗaki ɗaya ko ciki da falo, shawararmu ya tsaya a ƙaramin saiti da ake ɗauka a hannu, wanda in tafiya ta kama sai a sa a kwali a kai tasha. Babban saiti na wanda ya mallaki gidansa ne, ko mai shagon da firiza ce jarinsa.

Ranka ya daɗe, muna neman izini a buɗe adashen sola na mutum goma goma, a riƙa sayen kaya a sari, kuma a fara da masallaci da makarantar dare. Mai sha'awa ya ba sakatare sunansa bayan Magariba, ya zo da jerin kayan wutar da ke ɗakinsa.