WUTA DA HASKE A GIDAN TALAKA

Ga laccar da Akawun jam'iyyarmu na reshen Kazaure ya karanta gaban 'yan jam'iyya da 'yan kasuwa waɗanda suka hallara daga Kazaure da Ɓaɓura da Roni da Gwiwa.



Yau ba maganar ƙuri'a ta tara mu ba. Maganar murhu ce da fitila, watau kuɗin da mu ke ƙonewa kullum don mu dafa tuwo, mu ga haske da dare. Haraji shekara-shekara a ke biyansa a da, amma wannan kullum ne, safe da yamma, ba kuwa mai ba ka rasit.

Kowa ya san yadda aka yi muka iso nan. A 2016 aka janye tallafin kananzir, mata suka ajiye risho suka koma itace. Ran 29 ga Mayu 2023 Shugaban Ƙasa ya ce tallafin fetur ya tafi. Litar da ba ta kai naira 200 ba ta haye 500 cikin 'yan kwanaki, a 2024 kuma ta wuce 1,000 a wurare da yawa. A watan Afrilu na 2024 aka ɗaga kuɗin lantarki na masu ajin farko, waɗanda aka yi wa alkawarin wuta awa 20 a rana, daga wajen naira 68 zuwa 225 kowane awo. Ko ba ka cikin wannan aji, ai mai injin niƙa da tela da mai ƙanƙara a kanka za su fanshe. Manya suna da gas da manyan farantan sola a kan soraye. Talaka kuwa ɗan tsinke-tsinke ya ke saye, itacen yau daban, batir na gobe daban, don haka shi ne ya fi kowa biya da tsada.

To, ba za mu zauna muna kuka kaɗai ba. Akwai abin da ke hannunmu, akwai kuma abin da ke wuyan gwamnati. Bari mu fara da namu.

Na farko murhu. Duwatsu uku da muka gada suna da kirki, amma ɓarayin itace ne, gama yawancin zafin ba ya taɓa tukunya, iska ke kwashe shi ta kowane gefe. In aka kewaye wutar da ginin laka da aka kwaɓa da ƙaiƙayi, aka bar ƙofa ɗaya ta sa itace, tukunya kuma ta zauna cikin bakin murhun har wajen cikinta da 'yar tazara ta fitar hayaƙi, to, zafi ba shi da hanya sai gindin tukunya. Wannan ba ya cin kwabo, laka dai ce da hannu. Maƙwabtanmu na Nijar, waɗanda mutanen Ɓaɓura ke cin kasuwa da su, tun cikin shekarun 1980 aka yaɗa musu wani murhun ƙarfe mai suna Mai Sauƙi, maƙeran gida ne kuwa su ke ƙera shi. Abin da maƙerin Yamai ya iya, maƙerin Kazaure ma ya iya. Mai ƙosai da mai waina da mai shayi, ku da wutarku ba ta mutuwa, ku ne za ku fara ganin bambanci a lalitarku.

Sa'an nan akwai dabarun da ba a saye. A dafa da busasshen itace, domin ɗanye wani kaso na ƙarfinsa wajen korar ruwan jikinsa ya ke ƙarewa. A rufe tukunya da murfi. A jiƙa wake tun da dare. In shinkafa ko wake ya tafasa sosai, a sauke tukunyar a rufe, a sa ta cikin kwando da aka cika da tsummoki ko ƙaiƙayi, a lulluɓe. Zafin cikinta zai ƙarasa dahuwar ba tare da ƙarin itace ba.

Kada wani ya ce wannan maganar mata ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum kimanin miliyan 3 ke mutuwa kowace shekara saboda hayaƙin girki da na fitila cikin gida, mata da yara ne kuwa suka fi shaƙarsa. Tarin da uwargida ke yi a madafi, da jan idon goyon da ke bayanta, kuɗin magani ne ke jiran maigida. Kuma dattawan da ke nan sun san dajin da a ke samun ƙirya da marke a da, sun san inda a ke zuwa neman su yanzu. In itace ya ƙare sai a ƙona kara da kashin shanu, watau a ƙona takin gona. An ci tuwon bana da hatsin baɗi ke nan.

Na biyu fitila. Ga wanda ke da lantarki, ga lissafi mai sauƙi. Tsohon ƙwan fitila mai zafi, mai lamba 60, in ya ci awa biyar kullum, a wata ya sha awo 9 na wuta. Sabon ƙwai wanda a ke kira LED, mai lamba 9, haskensu kusan ɗaya, amma a wata bai kai awo ɗaya da rabi ba. Ga wanda ba shi da lantarki kuwa, ga fitilar sola: ta sha rana da yini, ta ba da haske da dare, wata ma har ta yi cajin waya. Mai tebur a kasuwar dare da ke tada janareta don ƙwai biyu, ya zauna ya lissafa fetur ɗin da ya ke sha a mako, ya gani ko shi ke ciniki ko mai gidan mai. Sai dai a yi hattara, jabu ya cika kasuwa. A sayi abu wurin wanda ke da shago tsayayye, a karɓi takardar garanti. Da hunturu a riƙa share ƙurar da ke kan farantin, gama ƙura tana tare rana. Wanda kuma ya zama dole ya tada janareta, kada ya kuskura ya kwana da shi cikin ɗaki ko zaure. Hayaƙinsa ya kashe gidaje sukutum cikin barci.

Na uku, abin alfaharinmu ne mu mutanen Jigawa. Marigayi Malam Muhammad Bah Abba, wanda ya koyar a kwalejin kimiyya da fasaha ta jiha a Dutse, jikan magina tukwane ne. Cikin shekarun 1990 ya yaɗa dabarar tukunya cikin tukunya: a sa ƙaramar tukunyar ƙasa cikin babba, a cika tsakaninsu da yashi, a jiƙa shi, a rufe da ɗanyen tsumma, a ajiye a inuwa inda iska ke kaɗawa. Sa'ad da ruwan ke tsatsowa yana bushewa, sai ya tafi da zafin ciki, kamar dai yadda randa ke sanyaya ruwa. A gwajinsa, yalon da kan lalace a kwana 3 ya kai kwana 27, tumatir da tattasai kuma suka yi mako uku. A 2000 aka ba shi lambar Rolex ta duniya saboda wannan. Firiji ne wanda ba ya neman wuta, sai ruwa sau biyu a rana. Da rani ya fi aiki, da damina ƙarfinsa kan ragu. 'Yan gwari da masu noman rani a bakin dam, ku da a kan tilasta wa karya farashi da la'asar don tsoron ruɓewa, wannan taku ce.

Na huɗu ɗakin kansa. Kakanninmu da suka yi soro da azara da kauri ba wawaye ba ne. Wanda ya rufa kwano, ya yi masa silin ko da na zana ne, ya shafe bango da farar ƙasa, ya buɗe tagogi biyu masu kallon juna, ya dasa darbejiya ta yamma da ɗaki. Fanka za ta huta, shi ma ya yi barci.

Mun san abin da ke bakinku: da wane kuɗi? Gaskiya ce, arha tana da ƙofa mai tsada. Wanda ke neman na cefanen yau ba ya iya fid da kuɗin fitilar sola gaba ɗaya, ko da ya san za ta biya kanta. Maganin wannan mun daɗe da shi, shi ne adashi. A ce mutum goma a layi ɗaya na kasuwa, kowa ya zuba naira 2,000 a mako. Kowane mako mutum ɗaya ya kwashi 20,000, da sharaɗin murhu ko fitila zai saya, ba ashoben biki ba. Mako goma, layi duka ya wadatu. In kuka haɗa kai kuka saya a sari daga Kano, farashi ya ƙara sauka. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Muna roƙon kowace mazaɓa ta kafa nata, a sa mace mai amana ta zama uwar adashi, a rubuta kome a littafi.

Saura abin da ke wuyan masu mulki. Wanda ba shi da mita, ko ya sauya ƙwai duka, ko ya kwana cikin duhu, takardar kuɗin da a ke ƙiyasta masa ba ta san ya yi tattali ba. A 2020 Gwamnatin Tarayya ta yi shelar raba mita kyauta, a 2023 kuma aka sa hannu a dokar da ta ba jihohi ikon shirya al'amarin lantarkinsu. Saboda haka ba wanda zai sake ce mana sai an ji daga Abuja. Muna neman abu huɗu:

1. A ba kowane gida da kowane shago mita, mutum ya biya abin da ya sha.
2. Ƙananan hukumominmu huɗu su sa fitilun sola a kasuwanni da ɗakunan haihuwa, a kuma ware kuɗin gyaransu, kada su zama gumaka bayan wata shida.
3. A sa makarantar fasaha ta Husaini Adamu da ke nan garin ta koya wa maƙera da magina da samarinmu ƙera murhu da gyaran sola.
4. In za a raba murhu ko fitila da kuɗin jama'a, a raba a fili gaban mai unguwa, ba da katin jam'iyya ba.

'Yan'uwa, tun 1950 da Malam Aminu Kano da abokansa suka ta da kiran sawaba, abin da suka koya wa talaka shi ne ya san haƙƙinsa, ya kuma san lissafinsa. Kowa ya koma gida ya ƙidaya abin da ya ke ƙonewa a mako, ya zo da shi taro mai zuwa, mu haɗa mu kai gaban kansila da ciyaman.

Allah ya ba talaka sawaba. Wassalam.