Waya a Aljihun Manomi



Duk wanda ya shiga kasuwar Talata Mafara zai ga teburin mai cajin waya. Wayoyi a jere, kowace da 'yar takardar shaida manne a bayanta, janareta na ta ruri a gefe. Manomin Tsibiri ko Bakura ba ya ɗora buhun shinkafa a mota yanzu sai ya buga ya ji farashi.

Wayar salula ta GSM ta shigo Najeriya a 2001, amma ba mu san darajarta ba sai a Satumbar 2021, lokacin da aka katse layukan sadarwa a Zamfara saboda 'yan bindiga. Masu POS suka naɗe tabarma, ciniki ya tsaya, uwa ta kwana ba ta ji muryar ɗanta ba.

Don haka a rubuta muhimman lambobi a takarda, a adana a gida. Lambar sirrin banki kuwa, ko mai caji ɗan'uwanka ne, kada ka bar ta a cikin waya.

Allah ya ba mu zaman lafiya.