Turanci Ta Kunne Yake Fara Shiga

Jawabin da aka gabatar a taron iyaye da ɗalibai na ƙungiya a Jalingo



An umurce ni in yi magana a kan Turanci, wato darasin nan da ya tare wa yaranmu da yawa hanya. Kowa a nan ya san wani gida, in ma ba nasa ba ne, inda yaro ya gama sakandare, ya ci Hausa, ya ci Addini, ya ci Lissafi, amma Turanci ya tsaya masa a D7 ko E8. Jami'ar Jihar Taraba ga ta nan a garinmu tun 2008, amma ba za ta ɗauke shi ba sai da kiredit biyar, kuma dole Turanci ya kasance a ciki. Sai uba ya sake biyan kuɗin jarrabawa, shekara ta biyu, shekara ta uku. Daga nan a gaji. Namiji ya kama tuƙin Keke, yarinya a yi mata aure, takarda kuwa ta kwanta a ƙasan akwati.

In aka tambayi dalili, sai a ce yaro bai iya nahawu ba, a tura shi lasin ya haddace ƙa'idoji. Ni a ganina ba nan gizo ke saƙa ba. Yaranmu ba sa jin Turanci da kunne yadda ya kamata, kuma ba sa karanta shi da yawa. Wanda bai ji harshe ba, bai karanta shi ba, haddar ƙa'ida ba za ta fisshe shi ba.

Ku dubi yadda muke zaune a garin nan. Kakanninmu sun zo ƙasar Muri daga Kano, Katsina, Zazzau, Sakkwato da sauran wurare, wasu da fatauci, wasu da almajiranci, wasu da sana'ar hannu. Yau ga shi harshenmu shi ne na kasuwa da tasha da asibiti. Bamumuye da mutumin Kona in sun haɗu, sau da yawa da Hausa za su yi ciniki. Bafillace haka, Ibo mai shago haka. Wannan abin godiya ne, amma yana da nasa haraji. Ɗan Hausa a Jalingo zai tashi da asuba, ya wuni, ya kwanta, daga Sabon Gari zuwa Magami zuwa Mayo Gwoi, ba abin da zai tilasta masa buɗe baki da wani harshe. Ko a cikin aji, in malami ya ga idanu sun yi zuru, sai ya juya bayani zuwa Hausa don a gane. Ba laifinsa nake gani ba, tausayi ne. Amma sakamakon shi ne Turancin da yaro ke ji a rana bai taka kara ya karya ba.

To a nan kuma akwai darasi. Yaron da ya zo daga Zing ko Yorro ba ya jin Hausa, cikin 'yan watanni za ka ji shi yana zuba ta har da karin magana. Wa ya koya masa nahawu? Wane littafi ya saya? Kunne ne kawai, kullum, safe da yamma. Abin da Hausa ta samu a titi kyauta, shi ne Turanci ya rasa a wurin 'ya'yanmu, kuma shi za mu samar musu da gangan.

Bari in ɗan faɗi yadda jarrabawar take, domin iyaye da yawa suna biyan kuɗinta ba su san me ke ciki ba. Bisa manhajar da hukumar WAEC ta daɗe tana amfani da ita, takardun Turanci uku ne. Ta farko tambayoyi 80 na zaɓi, maki 40. Ta biyu maki 100: insha'i 50, fahimtar labari 20, taƙaita labari 30. Wato rabin makin babbar takardar a kan abu ɗaya yake: a ba ka rubutun da ba ka taɓa gani ba, ka karanta, ka gane, ka faɗi abin da ya ƙunsa. Ba a haddace wannan, ba a kuma satar sa cikin sauƙi. Ta uku ita ce ta furuci, tambayoyi 60 cikin minti 45, maki 30. Wani abin mamaki, a Gana da Gambiya da Saliyo wannan takarda ta uku sauraro ake yi, a kunna murya ɗalibi ya amsa. Mu a Nijeriya a takarda ake yin ta, ba a jin sautin komai. Sai yara suka ɗauka ai ba ruwansu da sauraro. Kuskure ne babba. In aka rubuta maka kalma aka ja layi a ƙarƙashin wasali, aka ce nemo wadda ke da irin wannan sauti, daga ina za ka samo amsa in ba daga abin da kunnenka ya ajiye ba? A JAMB kuwa, tambayoyi 180 ne cikin awa biyu a kan kwamfuta, 60 daga ciki na Turanci. In ka raba, daƙiƙa 40 ke nan ga kowace tambaya. Mai karatu yana bin layi da yatsa, lokaci zai ƙare masa tun bai kai rabi ba.

Yanzu maganar kunne. Hausa tana da wasula biyar, kowane da gajere da dogo. Turancin da ake jarrabawa a kai yana da sautukan wasali 20 da na baƙi 24. Saboda haka akwai sautukan da kunnen Bahaushe ke haɗe su wuri ɗaya. Mun san su, ana ma yi mana ba'a da su. Muna haɗa p da f, sai "pan" da "fan" su zama abu guda. Muna haɗa v da b, "vest" ta koma "best". Kalmar "think" mu mai da ita "sink". Sa'an nan harshenmu ba ya son baƙaƙe su cunkushe, sai mu cusa wasali a tsakani. Ta haka muka samu burodi da direba da sukudireba. A Hausa waɗannan kalmomi namu ne, ba mai taɓa su. Amma a ɗakin jarrabawa wannan wasalin da muka ƙara shi ke cin maki.

Sai dai kada ɗalibi ya karaya, domin kuwa Bahaushe yana da jari biyu da bai san da su ba. Na farko, kunnenmu ya saba da tsawon wasali da karin sauti. Yaro ɗan shekara biyar ya san bambancin garin da ake zama da garin da ake tuwo, alhali rubutunsu ɗaya. Wanda ya iya wannan, bambanta "ship" da "sheep" ba zai gagare shi ba in an nuna masa. Na biyu, duk yaron da ya yi tajwidi a Islamiyya an koya masa ya fito da kan harshe tsakanin haƙora wajen furta ث da ذ. To ai su ne sautukan nan biyu na th, na "think" da na "this". Yana da su a baki tun yana ƙarami, ba wanda ya gaya masa ne kawai cewa da yamma da safe abu ɗaya ake nema a wurinsa.

Ina za a samu Turancin da za a saurara? Mu mutanen rediyo ne. Tun 1957 da BBC ta buɗe sashen Hausa, akwatin rediyo bai rabu da kunnen dattijonmu ba. To a yi amfani da wannan al'ada. Yaro ya zauna da mahaifinsa su ji labaran duniya da Hausa. Bayan nan ya ji labaran ranar da Turanci, a Rediyo Nijeriya, ko gidan rediyon jiha na TSBS, ko labaran ƙarfe tara na dare a NTA. Tun da ya riga ya san abin da ya faru, hankalinsa ba zai tafi wajen neman ma'ana ba, zai tsaya a kan kalmomin da aka faɗi abin da su. Wanda ke da waya, BBC tana da shiri na minti shida don masu koyo, ana iya sauke shi tare da rubutun abin da aka faɗa. A ji sau ɗaya ba tare da duba rubutu ba, a ji na biyu ana dubawa, a ji na uku an rufe. Datar da ake ƙonawa a kallon barkwanci na rana ɗaya ta isa wannan na mako guda.

Akwai kuma shifta, wadda makarantu da yawa suka yi watsi da ita, ban san dalili ba. Yaya ya karanta wa ƙane layi biyar daga littafi, ƙane ya rubuta, a buɗe littafi a gwada. Nan take za a ga inda kunne ke yin ƙarya.

Sai karatu, kuma a nan zan ɗan daɗe. Wani masani a ƙasar Niyu Zilan mai suna Paul Nation ya yi shekaru yana bincike a kan yawan kalmomin da mai koyo ke bukata. Abin da shi da abokan aikinsa suka gano shi ne, kafin mutum ya karanta rubutu ya gane shi ba tare da taimako ba, sai ya san wajen kashi 98 cikin 100 na kalmomin da ke ciki. A 2006 ya ƙiyasta cewa wannan yana nufin kalmomi 8,000 zuwa 9,000 ga mai son karanta jarida da littattafan labari. Jama'a, wane malami ne zai rubuta kalmomi dubu takwas a kan allo? Ba ya yiwuwa. Ana tsintar su ne cikin karatu, ka haɗu da kalma yau a wannan labari, gobe a wancan, har ta zauna.

An gwada wannan a aikace. A tsibirin Fiji, a farkon shekarun 1980, wasu masana biyu, Elley da Mangubhai, suka kai littattafan labari 250 azuzuwan wasu firamare na ƙauye, inda yara ba sa jin Turanci a gida, kamar dai namu. Aka ba su ɗan lokaci kullum su karanta. Cikin wata takwas, ci gaban da suka samu wajen fahimtar karatu da sauraro ya ninka wanda aka saba gani.

Sharaɗin kuwa shi ne littafin ya zama daidai ƙarfin yaro, kuma ya zama mai daɗi. Ga ma'auni mai sauƙi: buɗe shafi ɗaya a tsakiya, duk kalmar da ba ka sani ba ka lanƙwasa yatsa. In yatsun hannu ɗaya suka ƙare kafin shafi ya ƙare, ajiye shi tukuna, nemi mai sauƙi. Ba abin kunya ba ne ɗan ajin ƙarshe ya fara da Chike and the River na Chinua Achebe. Daga nan ya shiga The Passport of Mallam Ilia da Burning Grass na Cyprian Ekwensi, waɗanda labarinsu na ƙasarmu ta Arewa ne, sai The Stillborn na Zaynab Alkali, sai jerin Pacesetters da yayyenku suka yi ta musaya a makarantun kwana. Shaihu Umar na marigayi Abubakar Tafawa Ɓalewa an fassara shi zuwa Turanci tun 1967; wanda ya karanta na Hausa, na Turancin zai zo masa da sauƙi. Haka nan labarin da Aminiya ta kawo da Hausa, sau da yawa za ka same shi a Daily Trust da Turanci, kamfaninsu ɗaya. Kuma kada a riƙa tsayawa ana buɗe ƙamus a kowane layi, wannan shi ke kashe sha'awa. A wuce, a yi hasashe, in kalma ta dawo sau uku tana damun ka sa'an nan ka neme ta.

Ku yi lissafi da ni. Yaro mai karanta kalma 100 a minti, wanda ba sauri ba ne, in ya yi minti 15 kullum, kalma 1,500 ke nan. A kwana 300 ya karanta 450,000. Wanda ya fara tun aji ɗaya na babbar sakandare, kafin ya shiga ɗakin jarrabawa fiye da kalma miliyan ta wuce ta idonsa. Shi da wanda ya tsaya ga tambayoyin shekarun baya wata biyu kafin jarrabawa, ba sa tafiya ɗaya.

Na san wani uba yana cewa a ransa, ni da ban yi boko ba, me zan iya? Alhaji, aikinka ya fi na kowa sauƙi. In yaro ya gama karatu ko sauraro, ce masa ya ba ka labarin da Hausa. Wa ya yi me? Don me? Daga nan sai me ya faru? In ya gane, za ka ji labari ya miƙe. In bai gane ba, za ka ji yana kame-kame, ba sai ka san ko A ba. Sa'an nan ka ce ya taƙaita maka shi cikin magana uku. Wannan shi ne ainihin abin da takardar nan mai maki 30 ke nema, harshe ne kawai ya bambanta. Hajiya ma haka, ko tana tuƙa tuwo za ta iya saurare. Abin da nake roƙon iyayenmu mata shi ne a rage wa 'yan mata talla da aikin gida na rabin awa bayan magariba. Yarinyar da ke cinye littafin Hausa na soyayya a dare ɗaya ta riga ta mallaki abin da ya fi wuya, wato zama da littafi. Kada a ƙwace, a ƙara mata da na Turanci.

Wani abu kuma: kada don neman Turanci a hana yara Hausa a gida, kamar yadda wasu 'yan boko suka fara yi. Gwamnati kanta ta yi ta kai da komo a kan wannan. Manufar ilmi ta 1977 ta ce a koyar da harshen gida a farkon firamare, a 2022 aka ce a kai shi har shekara shida, a Nuwamban 2025 kuma aka soke, aka koma Turanci. Amma gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ile-Ife daga 1970 ya nuna yaran da aka koyar da Yarbanci shekara shida, ana ba su Turanci a matsayin darasi, ba su gaza takwarorinsu a Turanci ba. Wanda ya iya bin zaren labari da harshen uwarsa, da wannan basirar zai bi shi a wani harshe.

Shugaban taro, ina da roƙo ɗaya ga ƙungiya. Ba na cewa a gina ɗakin karatu, mun san abin da ke cikin asusu. Akwati guda na ƙarfe da kwaɗo ya isa. Kowane ɗan ƙungiya da ya yi sakandare ya duba gida ya kawo littafin labari ɗaya ko biyu, 'yan kasuwarmu masu zuwa Kano da Anaca su sayo mana na gwanjo. A sa ɗalibi ɗaya mai amana ya riƙe rajista, aro na mako guda, wanda ya dawo da littafi sai ya ba da labarinsa kafin a ba shi wani. In an amince, ni na ɗauki nauyin rubuta sunayen littattafan da suka dace da kowane aji, in miƙa wa sakatare kafin taro mai zuwa.