Jawabi Kan Namun Daji da Ake Ƙwacewa Daga Hannun Masu Fatauci



Maganar da muka kawo yau ta shafi namun daji da ake kamawa da ransu a sayar. A shekara ta 2003 an ɗauki goggon biri mata guda biyu daga Kano, inda wani ɗan kasuwa ya ajiye su a gida, aka mayar da su ƙasar Kamaru. Kun sani babu kurmin goggon biri a ƙasar Hausa. Daga kudu aka kwaso su tun suna jarirai, kuma ba a raba jaririn goggo da uwarsa sai an kashe uwar, wani lokaci har da wasu daga cikin garken.

Inda aka kai su shi ne cibiyar Limbe, wadda ƙungiyar Pandrillus ta buɗe tare da gwamnatin Kamaru a 1993. Aikin wurin ba na kallo ba ne kawai. Dabbar da aka ƙwato sai a keɓe ta tukuna, likita ya duba jininta da kashinta, a yi mata maganin tsutsa, sannan a haɗa ta da 'yan'uwanta sannu a hankali. Wadda ta girma a hannun mutum da sarƙa a ƙugu ba ta san neman abinci a daji ba, don haka da yawansu a cibiyar suke ƙare rayuwa, ana ciyar da su shekaru da dama.

To ina ruwanmu, mu manoman Funtua da Malumfashi? Jan biri yana yi mana ɓarna a gonar masara, wannan ba mu musa ba, kuma korarsa dole ne. Amma yaranmu sukan kama ɗan, su ɗaure shi a gida ko su kai kasuwa don 'yan kuɗi kaɗan. Nijeriya tana da dokar kare irin waɗannan dabbobi tun 1985. Ga kuma cizo da cuta: ƙyandar biri ta sake ɓulla a ƙasar nan a 2017, kuma daga namun daji takan kama mutum.

Muna roƙon dattawa su faɗa wa matasa a taron masu zumunta, kada su sayi biri, aku ko gauraka daga masu yawo da su. Wanda yake da irinsu a gida kada ya sake shi a bayan gari, ya sanar da ma'aikatan gandun daji na ƙaramar hukumarsa.