Jawabin Shugaban Kwamiti a Bikin Buɗe Cibiyar Karatu Daga Nesa ta Unguwar Rogo

 



Karatu daga nesa ba baƙon abu ba ne a Sakkwato. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta kafa 'Yan Taru: jaji, wato jagorar mata, ta zo wurinta ta ɗauki karatu a waƙe, ta kai wa matan ƙauye, sannan ta dawo da tambayoyinsu. A 1983 kuma, zamanin Shugaba Shehu Shagari, aka kafa Buɗaɗɗiyar Jami'ar Nijeriya. An dakatar da ita a 1984, sai lokacin Obasanjo aka farfaɗo da ita.

Tsarin jaji muka ɗauko. Kowa ya san halin da ake ciki: data da tsada, sabis yau akwai gobe babu, wuta kuma sai an gani. A 2020, da korona ta rufe makarantu, rediyo ya taimaka ƙwarai, amma darasin rediyo in ya wuce ya wuce, kuma ba a yi masa tambaya.

Don haka muka raba aikin kashi biyu. Duk mai nauyi, wato bidiyo, sauti da littattafai, sau ɗaya za a sauke shi, a ajiye a kwamfutocin nan masu aiki da hasken rana. Ɗalibi ya kawo katin memori a zuba masa, ya je gida ya yi ta maimaitawa ba tare da kashe ko sisi ba, har ya tura wa maƙwabcinsa ta Bluetooth. Intanet kuwa an bar ta don rajista, miƙa aikin gida, da tambayar malami ta WhatsApp, domin rubutu ba ya cin data kamar bidiyo.

Iyaye da magidanta, matar aure da ba ta samun fita yanzu karatu zai same ta har ɗaki; ku ba ta lokaci da waya. Ɗalibai, katin nan amana ne, kada finafinai su kori darasi daga cikinsa. Malamai, tambayar da ta kwana uku ba amsa tana kashe wa ɗalibi gwiwa.

 Ranka ya daɗe Hakimi, muna roƙon ka buɗe mana wannan cibiya.